Wace irin jijiya ce ke haɗa tsoka da ƙashi, kuma me ya sa ba ta saurin warkewa?

Abban_Khalifa_Kawo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon masu ilimin jikin ɗan Adam da ke cikinmu su warware mini wani al'amari da ya raba kan mutanen gidanmu. Ƙanena mai shekara 36 ya ji rauni a bayan dunduniyarsa wajen buga ƙwallo. An ɗauki hoton ƙashi ba a ga karaya ko tsagewa ba, amma likita ya ce jijiyar da ta haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin dunduniya ce ta tsinke, kuma ya ce a gaggauta ganin likitan ƙashi. Kawunmu ya ce da jijiya ce ta tsinke da jini ya cika ƙafar, ko kuma ƙafar ta mutu ya daina jin taɓi, tun da kuwa yana ji kuma yana ɗingisawa da kansa, to targaɗe ne, a kai shi a ja masa. Mece ce ainihin wannan jijiya, da me aka yi ta, kuma me ya raba ta da jijiyar jini?

Malamin_Kimiyya_Malali:
Wa alaikumus salam Malam Abban Khalifa, Allah ya ba shi lafiya. Kawunku bai faɗi abin da ba shi da tushe ba, sai dai alamomin da ya kawo na waɗansu jijiyoyi ne daban. Jijiyar jini bututu ce, jini ke gudana a cikinta, idan ta fashe jini zai zuba. Jijiyar saƙo kuwa daga ƙwaƙwalwa da laka ta taso, ita ce ke kai umarni ga tsoka kuma take dawo da jin zafi, sanyi da taɓi, idan ta yanke wurin zai mutu. Wadda likita yake nufi ba ta cikin waɗannan biyu. Ita ba ta da rami, ba ta kai saƙo, aikinta kawai shi ne ta karɓi jan da tsoka ta yi ta isar da shi ga ƙashi. Tsoka ba ta iya turawa, ja kaɗai take yi ta hanyar tsukewa, kuma a mafi yawan wurare ba ta kai wa ga ƙashin da za ta motsa da kanta, sai ƙarshenta ya tattaru ya zama wani farin abu mai tauri, shi ne ke kafewa a jikin ƙashi. Idan kana son misali, dubi igiyar guga: mai jan ruwa yana da ƙarfinsa, guga yana nan lafiya, amma idan igiya ta tsinke ƙarfin ba zai isa ga guga ba. An yi ta ne da wani sinadarin gina jiki da ake kira kolajin, wanda ya jeru zare-zare, zaren suka haɗu suka zama dami, damin suka haɗu suka zama jijiya guda, kuma fiye da rabin nauyinta ruwa ne.

Ummu_Sadiq:
Allah ya ƙara sani Malam. To wadda ake cewa ta ɗaure gwiwa, wadda 'yan ƙwallo ke yawan samun matsala da ita, duk iri ɗaya ce?

Malamin_Kimiyya_Malali:
Hajiya, dangi ne amma ba aikinsu ɗaya ba. Waccan tana ɗaure ƙashi da ƙashi ne a gaɓa don kada su goce, kuma ita ce ke miƙewa ko ta yage idan an yi targaɗe. Wannan da muke magana a kanta tsoka take haɗawa da ƙashi don a samu motsi. Dukansu da kolajin aka yi su, shi ya sa a ido suke kama da juna.

Mahauci_Na_Zango:
Ni ban yi karatun likita ba, amma abin da Malam ya bayyana kullum yana hannunmu a mahauta. Wadda ke bayan ƙafa ita ce agara. Idan an feɗe sa, a tsakanin agara da ƙashi ake zura ƙugiya a rataye gefen sa guda, ya wuni a rataye ba ta tsinke ba, kuma babu wata tsoka a jikin dabba da za ta ɗauki wannan nauyi ba ta yage ba. Fara ce sol, tana sheƙi, wuƙar da ba ta da kaifi sosai zamewa take yi a kanta. Abin da na daɗe da lura da shi kuma shi ne, idan ka yanka tsoka za ka ga ja, jini na tsattsafowa, amma idan ka yanka agara da ƙyar za ka ga alamar jini. Masu kilishi sai sun bi sun cire duk irin wannan jijiya kafin su shanya nama, domin ba ta taunuwa. Saboda haka maganar cewa sai jini ya cika ƙafa kafin a yarda agara ta tsinke, ni dai ban ga haka a jikin dabba ba.

Mai_Gashin_Ƙashi_Barnawa:
Alhaji na Zango ya taɓo tushen maganar. Ƙarancin jinin nan da ya gani shi ne dalilin da ya sa irin wannan jijiya take jinkirin warkewa, domin jini ne ke kawo abin da jiki ke yin gyara da shi. Ƙashi da tsoka suna samun jini sosai, ita kuwa kaɗan take samu. Agara ita ce mafi kauri da ƙarfi a duk jikin mutum, tsawonta ya kai kimanin santimita 15, kuma idan mutum na gudu tana ɗaukar ninkin nauyin jikinsa sau da dama. Wurin da ta fi tsinkewa shi ne santimita 2 zuwa 6 sama da inda ta kafe a dunduniya, daidai inda jini ya fi ƙaranci. Mafi yawan waɗanda abin ke samu maza ne masu shekara 30 zuwa 50 da ba kullum suke motsa jiki ba, sai ƙarshen mako su fita fili da ƙarfinsu. Sau da yawa mutum yakan juya yana neman wanda ya doke shi ta baya alhali babu kowa kusa da shi, wani ma har ƙarar tsinkewar yake ji.

Game da ɗingishin da ya ruɗi kawu, akwai wasu ƙananan jijiyoyi da suka bi ta bayan idon sawu zuwa tafin ƙafa da yatsu, su ne ke ba shi damar lanƙwasa ƙafar kaɗan har ya taka. Amma ba zai iya yin ɗage a kan wannan ƙafa ita kaɗai ba. Akwai kuma gwajin da likitoci ke yi wanda ba ya buƙatar na'ura: mara lafiya ya kwanta ruf da ciki, ƙafafunsa sun zarce bakin gado, sai a matse sha-raɓarsa. Idan agara na nan lafiya tafin ƙafar zai motsa da kansa, idan ta rabu ba zai motsa ba. Sau da yawa kuma yatsa na jin wurin ya lotsa. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan rauni, ƙashi yake nunawa, sai sikanin ko MRI. Ina roƙonka Malam Abban Khalifa, kada a bari a ja wannan ƙafa ko a murza ta. Tsokar da kanta tana jan ɓangaren sama tana nesanta shi da na ƙasa, duk jan da aka ƙara gibin ake faɗaɗawa.

Ɗan_Maɗori_Rigasa:
Ina girmama bayanin likita, amma ina so a yi wa masu ɗori adalci, domin na ga inda maganar ta dosa. Mahaifina maɗori ne, shi ma a wurin mahaifinsa ya gada, kuma mutanen da suka miƙe a hannunsa ba su ƙidayuwa. Ba kowane ciwo yake ja ba. Yakan shafa ya ce wannan ba ƙashi ba ne, ku tafi asibiti, kuma na sha ganin ya mayar da mutane da kuɗinsu a hannu. Talaka yana zuwa wurin maɗori ne saboda yana kusa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma ba ya cewa a dawo wata mai zuwa. Idan ana son mutane su daina kai irin wannan rauni inda bai dace ba, sai an duba wannan ɓangaren ma.

Baban_Yusra_Kakuri:
Ɗan'uwa na Rigasa, mahaifinka yana cikin masu tsoron Allah, amma ba dukansu ne haka ba. Abokin aikina a masaƙa ya samu irin wannan rauni yana tura mota, aka kai shi wurin wani mai ɗori, aka ja, aka shafa man shanu, aka ɗaure da karare. Zafin ya lafa, kowa ya ce an dace. Sai da watanni suka wuce aka lura ba ya iya hawa bene sai ya jawo ƙafar, kuma sha-raɓarsa ta motse. Da ya je asibiti aka ce ƙarshen jijiyar biyu sun yi nisa da juna, ba za su ɗinku kai tsaye ba, sai da aka ɗauko wata jijiya daga ƙafar aka cike gibin. Aikin ya fi girma, kuɗin ya fi yawa, kuma har yau tafiyarsa ba ta koma daidai ba. Abin da ya yaudare mu duka shi ne lafawar zafi.

Ɗan_Maɗori_Rigasa:
Allah ya ƙara masa sauƙi. Ban musanta faruwar irin wannan ba. Abin da nake cewa shi ne gwajin matse sha-raɓa da likita ya bayyana abu ne da kowane maɗori zai iya koya a zama ɗaya, da za a tara su a koya musu maimakon a tsaya ana zarginsu daga nesa.

Ma'aikaciyar_Jinya_U/Rimi:
Na goyi bayan wannan shawara ta ƙarshe. Ina so kuma in jawo hankalinmu zuwa hannu, domin a wurin aikina raunin jijiyar yatsu ya fi na agara yawa, musamman ranar Babbar Sallah da kashegarinta lokacin da wuƙa ke hannun kowa. Mutane da yawa ba su san cewa a cikin yatsun hannu babu tsokar da ke lanƙwasa su ba. Manyan tsokokin suna can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, wasu ƙanana a tafi, dogayen jijiyoyi ne suka ratso wuyan hannu suka isa kowane yatsa. Duk wanda ya buɗe yatsunsa ya motsa su zai ga irin waɗannan jijiyoyi, masu miƙar da yatsu, suna tashi a bayan hannunsa. Wuƙa takan yi ƙaramin yanka a cikin yatsa, a wanke, a ɗinke fata a wani ƙaramin shago, ciwon ya warke sumul, sai daga baya a ga yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Jijiyar ta riga ta yanke ta zame ta koma cikin tafi. Irin wannan ba ya haɗewa da kansa, sai an ɗinke, kuma ana so a yi cikin kwanakin farko, kada a wuce mako biyu. Bayan ɗinki ma sai kusan mako 12 kafin a yarda mutum ya ɗauki abu mai nauyi da hannun. Ga tela ko makaniki ko mai rubutu, yatsa ɗaya sana'arsa ce gaba ɗaya. Don haka duk wanda ya yanke a hannu, kafin a ɗaure a sa shi ya lanƙwasa kowace gaɓa ta yatsan a gani.

Ummu_Sadiq:
Anti, bayan haihuwata ta biyu na yi fama da wani ciwo a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ko ɗaga jariri daga shimfiɗa sai na cije baki, matse wanki kuwa ya gagare ni. Tsofaffi suka ce sanyi ne na jego. Ko shi ma wannan jijiyar ce?

Ma'aikaciyar_Jinya_U/Rimi:
Alamomin da kika faɗa sun yi daidai da wani ciwo sananne ga masu jego, wanda wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan mai suna De Quervain ya bayyana a 1895. Jijiyoyi biyu na babban yatsa suna bi ta cikin wani matsattsen kube a wuyan hannu, idan kuben ya yi kauri saboda yawan ɗaga yaro da hannu a buɗe, sai wucewar ta zama da zafi. Ba tsinkewa ba ce, kuma yakan lafa da hutu da ɗaure babban yatsan, amma idan ya daɗe a ga likita.

Mai_Haɗa_Magani_Kaduna:
Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, kuma ya shafi garinmu ƙwarai. Malam Abban Khalifa, a tambayi ƙanenka ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna Ciprofloxacin, wanda ake kira sifro, a 'yan makonnin nan. Wannan magani da danginsa irin su Levofloxacin da Ofloxacin suna iya raunana jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, agara ce kuma ta fi shan wahala. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a sa gargaɗi mafi tsanani a jikin takardar waɗannan magunguna saboda wannan dalili. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da mai shan magungunan rage kumburi irin su Prednisolone ko Dexamethasone (dekza), da wanda aka yi wa dashen ƙoda. A nan kuwa mutum yakan ji zazzaɓi ya yanke wa kansa hukuncin taifot, ya shiga kemis ya sayi sifro ba tare da gwaji ba, wani ma ya haɗa da dekza don ciwon gaɓoɓi.

Alhaji_Badarawa:
Malam mai magani, ina tsoron kada wannan bayani ya sa wanda likita ya rubuta wa maganin ya ajiye shi. Ni na sha shi ba sau ɗaya ba, ban ga komai ba.

Mai_Haɗa_Magani_Kaduna:
Gaskiyarka Alhaji, ranka ya daɗe. Mafi yawan masu sha ba abin da ke samunsu, kuma magani ne mai amfani a inda ya dace. Abin da nake nufi shi ne kada a sha shi da ka, kuma wanda yake sha ya ji zafi ko kumburi a bayan dunduniya ya dakatar da motsa jiki ya koma wurin likitansa a ranar.

Ɗan_Tudun_Wada:
Masu bin ƙwallo za su tuna cewa David Beckham ya tsinke agararsa a watan Maris na 2010 yana buga wa AC Milan, aka yi masa tiyata a ƙasar Finlan, kuma hakan ya hana shi buga gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu a wannan shekara. Sai a watan Satumba ya koma fili. Mutumin da ke da ƙwararrun likitoci a kansa dare da rana ya ɗauki kusan wata shida, to ina ga wanda za a ce ya yi mako biyu ya koma kan babur. Ronaldo na Birazil ma haka ya yi fama.

Malamin_Kimiyya_Malali:
Na Ronaldo ba agara ba ce ɗan'uwa, jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ce, wadda ke isar da jan tsokar cinya zuwa ƙashin ƙwauri. Ta tsinke masa a watan Afrilu na 2000 yana buga wa Inter wasa da Lazio. Ya yi fiye da shekara bai buga ba, amma ya dawo ya ci ƙwallo 8 a gasar duniya ta 2002. Darasinka dai yana nan, jijiya tana warkewa idan an ba ta lokacinta.

Mai_Kula_Da_Dawaki:
Mu masu aikin barga wannan ciwo shi ne babban abin tsoronmu a dawakin ƙwallo. Daga gwiwar doki zuwa kofato babu tsoka ko kaɗan, ƙashi ne da jijiya da fata, shi ya sa ake naɗe musu ƙafafu kafin a shiga fili. Idan jijiyar bayan ƙafar gaba ta samu rauni za ka ji wurin ya yi zafi ya kumbura, sai a yi ta zuba ruwan sanyi, a hutar da shi watanni masu yawa. Abin da na gani da idona shi ne dokin da aka yi gaggawar mayarwa fili saboda ya daina ɗingishi, a wuri ɗaya yake sake samun rauni, kuma na biyun ya fi na farko muni.

Abban_Khalifa_Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa mutanen gida bayanin Malam da na Alhaji na Zango, kuma yanzu na gane bambancin jijiyoyin nan. Bai sha sifro ba. Sauran tambayoyina biyu ne: shin dole ne sai an yi tiyata, kuma gaskiya ne cewa farfesun ƙafar sa yana haɗa jijiya kamar yadda mahaifiyarmu take cewa?

Mai_Gashin_Ƙashi_Barnawa:
Tiyata ba dole ba ce ga kowa. Idan an gano raunin da wuri, ana iya sa ƙafar a siminti ko takalmi na musamman, yatsu suna kallon ƙasa yadda ƙarshen jijiyar biyu za su kusanci juna, sannan a riƙa ɗago ƙafar kaɗan-kaɗan cikin kimanin mako 8 zuwa 10. Tiyata tana rage yiwuwar sake tsinkewa, amma tana da nata haɗarin, domin fatar wurin siririya ce kuma ciwon yana iya ruɓewa, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan taba. Likitan ƙashi ne zai zaɓa bayan ya ga girman gibin da tsawon lokacin da raunin ya yi. A nan Kaduna akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kafin ku isa, kada ya taka ƙafar, a samo masa sanduna.

Baban_Yusra_Kakuri:
Ni dai da ɗan'uwana ne, mai shekara 36 da iyali a kansa, zan fi natsuwa a ɗinke. Abin da na gani ga abokina ya sa ba na son a bar jijiya ta nemi hanyar haɗewa da kanta.

Ma'aikaciyar_Jinya_U/Rimi:
Baban Yusra, abokinka ba rashin tiyata ne ya cuce shi ba, rashin ajiye ƙafar a yanayin da ya dace tun farko ne. Na ga waɗanda suka warke da siminti kaɗai suna tafiya lafiya, na kuma ga wanda ɗinkinsa ya buɗe saboda suga. Maganar farfesu kuwa, gaskiya ne cewa kaurin da romon ƙafar sa ke yi idan ya huce narkakken kolajin ne, amma idan ya shiga ciki narkewa yake yi kamar kowane nama, ba ya tafiya kai tsaye zuwa dunduniya. A bar Hajiya ta dafa masa, abinci ne mai gina jiki, a haɗa masa da lemo da gwaiba domin jiki ba ya iya ƙera kolajin sai da bitamin C. Amma ba zai maye gurbin siminti ko ɗinki ba.

Tela_Kasuwar_Barci:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni babu abin da ya tsinke, amma na daɗe ina taka keken ɗinki, kuma yanzu duk safiya bayan dunduniyata yakan sage da zafi har sai na ɗan yi tafiya, wurin kuma ya fi na ɗaya ƙafar kauri. Wani ya ba ni shawarar in je a yi mini allura a wurin.

Mai_Gashin_Ƙashi_Barnawa:
Malam tela, wannan ya yi kama da gajiyar jijiya, wato zaren cikinta sun hargitse saboda aiki iri ɗaya da ake maimaitawa ba tare da isasshen hutu ba. Kada ka yarda a yi maka allurar rage kumburi a cikin agara, domin tana kashe zafin na ɗan lokaci amma tana iya raunana jijiyar har ta tsinke. Kwanciya gaba ɗaya ma ba ta gyara ta. Abin da ya fi amfani shi ne a rage takun keken, a riƙa sauya ƙafa, sannan a koya maka atisayen ɗage da saukowa a hankali, ana ƙara nauyi sannu-sannu har tsawon kamar wata uku. Ka fara zuwa a duba ka tukuna, a gwada sugarka kuma, domin ciwon suga yana sa irin wannan jijiya ta yi kauri ta sage.